Ɗalibin shari'a bai zama lauya ba tukuna: me zai iya yi wa talakan da ke jiran shari'a?

Rukayya_A ta rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu. Mu takwas ne, ɗaliban shari'a, saura mana shekara guda mu kammala. Mun yi shawarar mu riƙa ba da lokacinmu kyauta don taimaka wa marasa hali da ake tuhuma da laifi, musamman waɗanda ke zaune a gidan yari suna jiran shari'a ba su da lauya. Niyya akwai, lokaci ma akwai ɗan abin da ba a rasa ba, amma ba mu san ta inda za mu kama ba. Me ya halatta ɗalibi ya yi, me kuma ba huruminsa ba ne? In mun samu izinin ganin mutum a tsare, me za mu tambaye shi? Shari'a nawa ya kamata mu ɗauka? Kuma waɗanne kurakurai ne ɗalibai suka fi yi, don kada garin gyaran gira mu tsone wa bawan Allah ido? Na gode.

Barista Sani ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yi muku albarka. Kafin ku taka ƙofar gidan yari, ku nemo lauya mai lasisi wanda sunansa zai hau kan kowane fayil, shi zai sa hannu a kowace takarda, shi zai miƙe a gaban alƙali. Ba irin wanda zai ce muku "ku je, ina bayanku" sannan a neme shi ranar zaman kotu a rasa ba. In babu wannan lauyan, to babu aikin, domin ba da shawarar shari'a ko tsayawa wa mutum a kotu ba tare da lasisi ba, laifi ne a ƙasashe da yawa, kuma yana iya hana ku shiga aikin lauya tun ba ku fara ba. Akwai inda aka sassauta: a Amurka kusan kowace jiha tana da ƙa'idar da ke barin ɗalibin da ya yi nisa a karatu ya yi magana a kotu a ƙarƙashin idon lauya, da amincewar wanda ake karewa a rubuce. Ku duba ko dokar inda kuke ta tanadi irin wannan. In ba ta tanada ba, bakinku a rufe yake a cikin kotu.

Kada wannan ya sage muku gwiwa. Abin da ke danne talaka a tsare sau da yawa ba wani kulli ne na doka mai wuyar warwarewa ba. Fayil ne ya ɓata, ko ranar komawa kotu ta wuce ba a kai shi ba, ko an ba da beli wata shida da suka wuce danginsa ba su ji ba. Wannan aikin ƙafa ne da biro, kuma lauya mai fayil ɗari a tebur ba shi da lokacinsa. Ku kuna da shi.

A ganawar farko ku je ku biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu. Jimlar farko da za ta fito daga bakinku ita ce: mu ɗalibai ne, ba lauyoyi ba, muna aiki a ƙarƙashin lauya wane, ba ma karɓar ko sisi, kuma abin da ka faɗa mana sirri ne tsakaninmu da shi. Ku maimaita, domin mutumin da ya shekara bai ga kowa da fayil a hannu ba, duk wanda ya gani lauya ne a wurinsa. Sannan ku duba inda aka zaunar da ku. Ƙa'ida ta 61 cikin ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela a 2015, ta ce ma'aikacin gidan yari yana iya ganin ganawar mutum da mai ba shi shawarar shari'a amma kada ya ji abin da ake faɗa. In gandiroba ya tsaya a kanku, ku roƙe shi cikin ladabi ya ɗan ja baya. In ya ƙi, ku tsaya kan ranaku da lambobi, kada ku taɓa zancen abin da ya faru.

Abin da za ku fito da shi a takarda guda shi ne: cikakken sunansa da duk laƙabin da aka san shi da shi, shekarunsa, ranar da aka kama shi da ofishin da aka fara tsare shi, ranar da aka fara kai shi gaban alƙali, wace kotu, lambar shari'a, sashen dokar da ake tuhumarsa da shi, ranar da ya ga kotu ta ƙarshe da ranar da aka ce ya koma, maganar beli, sunayen waɗanda aka haɗa su a tuhumar, lambar wayar mutum biyu a danginsa, da ciwon da yake fama da shi in akwai. Ku tambaye shi ko ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a wata takarda a hannun 'yan sanda, da wane harshe aka rubuta ta, an karanta masa ita ko ba a karanta ba, wa yake wurin, kuma an taɓa lafiyarsa ko an yi masa alkawari. Maganar suna kada ku raina ta. Mutum yakan ɓace a tsakanin ofisoshi saboda kawai an rubuta sunansa iri ɗaya a littafin gidan yari, wani iri a fayil ɗin kotu, magatakarda ya duba ya ce babu mai wannan suna.

Daga nan sai ku gwada abu uku da juna: abin da shi ya faɗa, abin da ke cikin takardar umarnin tsare shi a gidan yari, da abin da ke cikin fayil ɗin kotu. Inda suka saɓa, nan aikin yake. Sai lissafi guda biyu da kowane ɗalibi zai iya yi. Na farko, kwana nawa tsakanin kamu da kai shi gaban alƙali. Sashe na 9 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966 kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa ya ce a kai shi ba da ɓata lokaci ba, kwamitin da ke fassara ta kuma ya ce a 2014 cewa awa 48 ta isa a al'ada. Na biyu, ku ɗora zaman da ya yi a kan mafi tsananin hukuncin laifin. In laifin iyakarsa shekara biyu ne shi kuma ya yi shekara biyu da wata huɗu yana jira, ku ja layi ja a ƙarƙashin fayil ɗin ku kai wa lauya a ranar. Irin wannan lissafin ne ya haifar da shari'ar Hussainara Khatoon a Indiya a 1979, lokacin da aka gano cewa a jihar Bihar akwai masu jiran shari'a da suka zarce wa'adin da za a ɗaure su ko da an same su da laifi, kotun ƙoli ta ce a sake su.

Sai beli. Alƙali abu biyu yake auna wa a ransa: wannan mutumin zai dawo, kuma zai bar shaidu su sarara? Ku tara masa abin da zai kwantar masa da hankali: adireshin da kuka je kuka gani da idonku, wasiƙar maigidansa a wurin aiki ko shugaban sana'arsu, takardar asibiti, da mutum biyu da za su tsaya masa. Ku zaunar da masu tsayawar ku gaya musu gaskiya abin da zai hau kansu in ya gudu, ku kuma duba katin shaidarsu tun kafin ranar. Beli da yawa a nan yake mutuwa, an bayar, mai tsayawa ya zo da katin da ya daina aiki, a ce a dawo wani makon, wani makon ya zama wata uku. Ku kanku kada ku tsaya wa kowa, ko tausayi ya kai ina.

Malama Binta ta amsa:

Barista ya gama da ɓangaren cikin gidan yari. Ni zan taɓo tsarin ku kanku, 'yata, domin ƙungiyoyin ɗalibai daga nan suke rushewa.

Mutum takwas, ku kasu gida huɗu, kowane gida ya fara da shari'a biyu. Takwas ke nan. Na san za ku ga ya yi kaɗan, musamman ranar da kuka shiga kuka ga mutum hamsin suna miƙo muku hannu ta taga. Kusan ɗaya cikin uku na fursunonin duniya ba a yanke musu hukunci ba, ba ku ne za ku ƙarar da su ba. Shari'a guda in za a yi mata adalci tana cin awa huɗu zuwa shida a mako tsakanin zuwa kotu, kiran dangi da rubutu, ga kuma jarrabawa tana tafe. Wanda aka ɗauki sunansa aka sa masa rai sannan aka daina zuwa, an bar shi a halin da ya fi na da muni, domin danginsa sun daina neman lauya suna cewa ai akwai masu yi.

Kafin ku karɓi kowace shari'a ku buɗe littafi guda na sunaye: wanda ake tuhuma, mai ƙara, shaidu, da abokan tuhumarsa. Duk sabon fayil a fara duba shi a littafin. Dalili shi ne mutum biyu da aka kama tare sau da yawa kariyar ɗaya ita ce tura laifin kan ɗayan. In kun ji sirrin duka biyun, ba za ku iya yi wa ko ɗaya aiki ba, lauyanku ma dole ya janye. Haka in ɗayanku yana da dangantaka da mai ƙara, ko yana koyon aiki a ofishin masu gabatar da ƙara, ya faɗa tun farko a raba shi da fayil ɗin.

Rubutun ganawa a yi shi a mayar wa lauya kafin awa 24, tun magana tana da ɗumi, kuma a bambanta abin da mutumin ya ce da abin da ku kuka fahimta. A yi zama da lauya sau ɗaya a mako, rana tsayayya, a bi fayil ɗaya bayan ɗaya da tambaya uku: yaushe ne zaman gaba, me ake jira, wa zai yi shi. Ranakun kotu a rubuta su wuri biyu, a kalanda ta kowa da kuma bangon fayil. Wa'adin ɗaukaka ƙara shi ya fi haɗari, gajere ne kuma daga ranar hukunci ake fara ƙirga shi, ba daga ranar da kuka samu labari ba.

Sirri kuwa, a wayar hannu yake zubewa. Kada a tura hoton takardar tuhuma a zauren WhatsApp na aji, kada a yi zancen shari'ar a mota, kada a hau Facebook a ce "yau mun ziyarci wani bawan Allah da aka zalunta" da bayanin da maƙwabcinsa zai gane shi. Mahaifiyarsa ma in ta tambaya, ranar kotu za ku gaya mata, abin da ya faɗa muku sai da izininsa. Magana zarar bunu ce. Sannan kada ku karɓi saƙo, wasiƙa, waya ko magani ku shiga da shi ko ku fito da shi daga gidan yari. Sau ɗaya aka kama ɗayanku, an rufe wa sauran ƙofa.

Abu na ƙarshe shi ne miƙa aiki. Zangon karatu wata huɗu ne, shari'a kuwa tana iya shekara uku. Kowane fayil ya kasance yana da takardar miƙawa: abin da aka yi, abin da ya rage, sunan magatakardan da ke riƙe da shi, da alkawarin da aka yi wa dangi. Ganawar ƙarshe ku tafi da magajinku ku gabatar da shi da baki. In za ku rubuta wa shugaban tsangayarku don neman ɗaki da lauya mai kula, ku kafa hujja da ƙa'idojin samun agajin shari'a da babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a Disambar 2012, waɗanda suka nemi ƙasashe su ƙarfafa buɗe cibiyoyin agajin shari'a a jami'o'i su kuma buɗe wa ɗalibai hanyar yin aikin a ƙarƙashin kulawa.

Malam Idi ya amsa:

Ni a kan bincike zan ce wani abu, domin nan ne ɗalibi yake jin kansa jarumi, nan ne kuma yake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Akwai hujjar da take da ajali. Kyamarar tsaro ta shago ko ta titi takan goge tsohon hoto ta ɗora sabo bayan wasu kwanaki ko 'yan makonni, ya danganta da girman ma'ajiyarta. Don haka in mutum ya ce lokacin da abin ya faru yana wani wuri, a makon farko lauya ya rubuta wasiƙar neman a adana hoton, ku kai da hannu, a sa muku hannu da kwanan wata a kwafinku. Rauni a jiki ma haka, yana warkewa. A nemi likita ya duba ya rubuta. Wurin da abin ya faru ku je a irin lokacin da aka ce ya faru. In shaida ya ce ya gane fuskarsa da ƙarfe tara na dare daga tsallaken titi, ku tsaya inda ya tsaya da ƙarfe tara na dare, ku auna tazarar da tef, ku duba ko akwai fitila, ku zana taswira. Kuskuren gane fuska ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar Innocence Project, wadda Barry Scheck da Peter Neufeld suka kafa a 1992 a matsayin cibiyar ɗalibai a makarantar koyon lauya ta Cardozo da ke New York, ta nuna cewa a cikin mutanen da gwajin ƙwayar halitta (DNA) ya wanke a Amurka, kusan bakwai cikin goma shaidar ido ce ta taimaka wajen ɗaure su.

Shaida ba a zuwa masa mutum ɗaya. In ya faɗa maka magana yau gobe ya sauya a kotu, wa zai tabbatar? Ku je ku biyu, ku faɗi ko ku wane ne da ɓangaren da kuke wa aiki, ku gaya masa ba dole ba ne ya yi magana. Tambayar a buɗe: "me ka gani?", ba "ai ba shi ka gani ba ko?" Kada ku ba shi ko kuɗin mota sai lauya ya sani ya rubuta. Mai ƙara da shaidun gwamnati kada ku kusance su sai lauya ya ce a je, domin ziyarar da kuka yi da kyakkyawar niyya gobe za a kira ta barazana, a soke belin mutuminku. Wani ya miƙo muku wuƙa, riga ko waya ya ce hujja ce, hannunku a aljihu, ku kira lauya. Da zarar kun taɓa, kun shiga jerin waɗanda abin ya bi ta hannunsu, kun tashi daga mataimaka kun koma shaidu.

Ku karanta labarin Anthony Porter a jihar Illinois ta Amurka. Saura kwana biyu a zartar masa da hukuncin kisa a 1998 aka dakatar, sannan ɗaliban aikin jarida na jami'ar Northwestern da malaminsu suka bi diddigin shari'ar, aka sake shi a 1999 bayan wani mai suna Alstory Simon ya amsa laifin a bidiyon da mai bincikensu ya ɗauka. Duniya ta tafa musu. A 2014 masu gabatar da ƙara suka nemi kotu ta saki Simon shi ma, aka sake shi, bayan ya yi shekara 15 a ɗaure, suka ce hanyar da aka bi aka samo amsa laifin nasa gurɓatacciya ce. Neman wanke mutum ba lasisi ba ne na matsa wa wani.

Rukayya_A ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, mun kwafe duka. Barista, tambaya guda ta tsaya mana a rai. In muna cikin hira mutum ya ce mana shi ya aikata, ya za mu yi? Mu bar shi? In kuma ya ce mu ba shi shawara, ya amsa laifi a kotu ko ya musa?

Barista Sani ya amsa:

Ki rubuta yadda ya faɗa, kalma da kalma, ki kai wa lauya, kada fuskarki ta sauya. Ba a barinsa. Nauyin tabbatar da laifi a kan mai gabatar da ƙara yake, kuma lauya yana da damar ya ce a kawo hujja ya gwada ƙarfinta. Abin da ba zai yi ba bayan ya ji wannan shi ne ya kawo shaidar da ya san ƙarya ce, ko ya gaya wa kotu cewa mutumin yana wani gari a ranar. Sannan "ni na yi" a bakin wanda bai san doka ba sau da yawa ba ita ce laifin da ke cikin takardar tuhuma ba. Mutum zai ce "ni na buge shi", sai an zauna a ga cewa kare kansa ya yi, ko tuhumar ta fi abin da ya faru nauyi, ko kuwa ɗansa yake rufa wa asiri. Shi ya sa ba a buɗe hira da "kai ka yi?" Ana cewa ne "ba ni labarin ranar tun daga safe."

Tambayar amsa laifi kuwa, amsarki guda ce ko sau nawa ya tambaya: zan kai wa lauya, shi zai zo ya yi maka bayani, kai za ka yanke. Mutumin da ya gaji da zama zai amsa abin da bai yi ba in ya ji cewa hakan zai fitar da shi gobe, bai san tabon zai bi shi wurin neman aiki ko biza ba. Kalmar "ina ganin gara ka amsa" daga bakinki za ta zame masa fatawa.

Malama Binta ta ƙara:

Na yarda da Barista, sai dai kada ku ɗauka in mutum ya amsa laifi aikinku ya ƙare. A nan ma ɗalibi ya fi amfani, wajen haɗa takardar neman sassauci. Shafi ɗaya ko biyu ya isa: shekarunsa, mutum nawa ke ci daga hannunsa, cewa wannan ne karonsa na farko in haka ne, lafiyarsa, ko ya mayar da abin da ya ɗauka ko an yi sulhu da mai ƙara, da wanda ya yarda zai ba shi aiki in ya fito. Kowace magana da takardarta a manne a baya. A saman shafin ku rubuta adadin kwanakin da ya riga ya yi a tsare, ku ƙirga daga ranar kamu, har da kwanakin ofishin 'yan sanda, domin su ne aka fi mantawa. Bayan hukunci ɗayanku ya je ya karanta takardar da kotu ta aika gidan yari, ya tabbatar ranar da aka ce zaman ya fara ita ce wadda alƙali ya faɗa da bakinsa. In ta saɓa, a sanar da lauya ya nemi a gyara tun fayil ɗin bai bar teburin magatakarda ba.